Bin Sawun Kufan Gimi

A Kenya da Zimbabuwe an san wani irin baƙo da ƙasar Hausa ba ta sani ba: Baturen da ya zo da matarsa da karnukansa, gwamnati ta yanka masa daji, ya gina gidan dutse ya zauna, bayan shekara ɗari jikokinsa su sauko daga jirgi suna neman kabarin kaka. Lord Delamere shi kaɗai eka 100,000 aka ba shi a Njoro a 1903. Mu nan dokar ƙasa ta 1910 ta ɗora filayen Arewa duka a hannun Gwamna da sunan amanar 'yan ƙasa, ba a sayar wa baƙo ya mallaka. Ba tausayi ne ya kawo haka ba. Turawa sun ga cewa barin manomi a gonarsa, sarki yana karɓo musu haraji, ya fi musu arha, ga kuma sauro da zafi. Saboda haka Baturen Arewa ma'aikaci ne, Razdan ko Di'o ko injiniyan reluwe, ya cika wa'adinsa ya ɗaure akwati.

Duk da haka akwai wuri ɗaya a arewacin Zazzau da baƙi suka zo da niyyar zama, suka share daji, suka gina gidaje da makaranta, suka binne matattunsu. Sunan wurin Gimi, a ƙasar Makarfi, gefen layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Kano. Shi na tafi nema a cikin hunturu, lokacin da ake saran rake.

Daga birnin Zazzau na fara, don can ne bakin zaren yake. A unguwar Durumin Maigarke ne Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, ya zauna tun daga 1905. An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a Landan, ya koyi Hausa a Tarabulus wajen alhazai da fatake kafin ya taɓa taka ƙasar Hausa. A 1900 yana cikin ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS da suka kutsa har Kano ba tare da an gayyace su ba, Sarki Alu ya ce su fice masa daga gari. Suka ja da baya zuwa Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu. Mila bai haƙura ba. Ya dawo, ya sami izinin Gwamna Lugga, ya shiga birnin Zazzau ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Tsakaninsa da Sarki Aliyu ɗan Sidi ba a sha inuwa ɗaya ba, kuma rahotannin da yake aika wa hukuma suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja. Zazzagawa ba su manta masa wannan ba. Shekarun farko kuwa wa'azinsa bai kama kowa ba sai 'yan tsiraru. Birnin malamai ne, ba a shigo musu da littafi a ba su mamaki.

Abin da ya sauya masa lissafi daga ƙauye ya zo, a 1913, kuma asalinsa ya girmi zuwan Turawa da fiye da shekara talatin.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, Alaihissalam, ya kai shi ga ba shi wani matsayi da malaman birni suka ce ya fita daga hanya. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka watse. Wasu suka nufi duwatsun Ningi, inda tun kafin nan Malam Hamza na Tsakuwa da jama'arsa suka yi hijira saboda rikicin haraji da sarautar Kano. Wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Mutane suka riƙa kiran su Isawa, su kuwa suna ce wa kansu Bani Isra'ila. Ba Kirista ba ne, ba su taɓa ganin coci ba, Alƙur'ani ne littafinsu. Jikokin waɗannan ne wasu samari daga cikinsu suka iso wurin Mila a Zariya suna tambaya. Yadda 'yan mishan suka rubuta labarin, wai Malam Ibrahim ya yi musu wasiyya su jira wasu da za su zo da cikakken bayani. Mai karatu ya riƙe cewa masu wannan ruwayar su ne masu cin ribarta. Masanin tarihi Ian Linden, wanda ya bi diddigin Isawa a shekarun 1970, ya nuna al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya: akwai talakawa da suka gaji da jangali da haraji da aikin tilas, suna neman inuwar da hannun hakimi ba ya kaiwa.

Daga Zariya na bi ta Basawa na shiga ƙasar Kudan. Hunƙuyi ce hedikwatar ƙaramar hukumar, ba Kudan ba, abin da ke rikita baƙo. Ban daɗe ba. Na ratsa na ga Likoro, tsohon gari mai tashar jirgi, ita ce ke kafin Gimi in ka taso daga Zariya. Wannan layi ya isa Kano a 1911, kuma da gatari da diga na talakawan waɗannan ƙauyuka aka shimfiɗa shi. Aliyu ɗan Sidi ma ya yi wa aikin waƙa. Yanzu akuyoyi sun fi jirgi amfani da shi. Duk inda ƙasa ta ɗan yi kwari sai ka ga rake, kore shar a tsakiyar karan dawa da ya bushe, ga tumatir da albasa da attarugu a gefen fadama.

Makarfi kuwa ba sai an gaya maka sana'arta ba. Tun daga Tashar Yari, inda ake barin babban titin Kano, manyan motoci ne ɗauke da rake an ɗaure shi dami-dami, za a kai Kano da Legas da ƙasar Nijar. Garin ya fitar da gwamna, Ahmed Muhammad Makarfi, daga 1999 zuwa 2007, yana kuma da kwalejin koyon aikin lafiya mai sunan Sarki Shehu Idris. Amma rake ne ya kai sunansa inda siyasa ba ta kai shi ba.

A hanyar Gimi na tsaya wani wurin da ake dafa mazarƙwaila, don hayaƙin da ƙamshin ba sa barin mutum ya wuce. Aikin na mutum da yawa ne. Ana cusa rake tsakanin ƙarafa masu juyawa, ruwan yana tsiyaya cikin mazubi, tuƙar tana fita ta ɗaya gefen. A da doki ne ake ɗaura wa doguwar sanda ya yi ta zagaye yana juya injin, har yanzu ma ana samun haka, ko da yake inji mai shan mai ya karɓe yawancin aikin. Sai a juye ruwan a manyan kasake a kan murhu mai tsawo, a yi ta hura wuta da busasshiyar tuƙar, ana kwashe kumfa. Gwanintar tana wajen sanin lokacin saukewa. In ka yi gaggawa ba za ta daskare ba, in ka yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci. Daga nan a zuba a ƙananan kwanoni ta sha iska, a kife ta fito da siffar kwanon.

Wani dattijo ne ke kula da kaskon ƙarshe. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wannan sana'a wa ya kawo ta garin nan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Malam, gado ne. A hannun mahaifina na gan ta, shi ma a hannun nasa."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai gadon yana da mafari. Rake tsohon abu ne a ƙasar Hausa, ana shan sa, ana kuma yin alewa da takanɗa tun kafin Turawa. Amma matse shi da injin ƙarfe a dafa ya zama dunƙulen sukari, masu rubuta tarihin mishan da na tattalin arzikin Zazzau ga Gimi suke danganta farkonsa, ga kuma mutumin da Mila ya ɗora a kan ƙauyen: Rabaran W. A. Thompson.

Wannan mutum shi ne ya fi kusa da abin da za a kira baƙo mazauni a wannan yanki, kuma ba Bature ba ne. Baƙar fata ne daga tsibiran Karebiyan, cikin waɗanda CMS ta riƙa ɗaukowa daga can saboda ana ganin za su fi Turawa jure zazzaɓin Afirka. A yi tunanin wannan zagaye. Tsibiran nan don rake aka cika su da bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, shekara ɗaruruwa ana matse rake ana matse mutane. Ingila ta soke bautar a 1834. Bayan shekara tamanin sai ga ɗan waɗannan tsibirai a fadamar Zazzau, yana jin Hausa, yana nuna wa jikokin almajiran Kano yadda ake dafa ruwan rake. Da a wata ƙasa ne da tuni an yi fim a kansa. Mu ko sunansa ba mu riƙe ba.

Tsakanin 1913 da 1915 aka sami fili a Gimi, iyalan Isawa da suka karɓi sabon addinin suka taso daga ƙauyukansu suka tare. Ba duka Isawa ne suka zo ba. Da yawa sun tsaya inda suke, zuriyarsu ta narke cikin sauran Musulmi. Waɗanda suka zo sun gina ɗakuna da wurin ibada da makaranta, suka yi noma, yara masu ƙwaƙwalwa aka riƙa tura su makarantar Mila a birni. Hukumar Turawa ba ta yi murna da abin ba. Razdan-razdan na lokacin ba sa son duk abin da zai taɓa ikon sarakuna, kuma ƙauyen talakawa masu karatun boko, waɗanda ke da Bature mai kai ƙara a bayansu, ciwon kai ne ga hakimi da Di'o baki ɗaya.

Ba hakimi ne ya tashe su ba, ƙuda ne. Abin da ya sa wurin ya yi kyau da rake, wato rafi da kurmi da damshi, shi ne kuma gidan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen. Yana farawa da zazzaɓi da kaluluwa a bayan wuya, mutum ya yi wata da watanni yana ramewa, sannan ya shiga gyangyaɗi da rana tsaka, a ƙarshe ko abinci aka sa masa a baki sai barci ya ɗauke shi. Magungunan da suka zo suka yi tasiri a kansa sai a shekarun 1920 aka fara samun su. Mutanen Gimi suka yi ta mutuwa, manya da yara. Wajen 1920 ƙauyen ya watse, waɗanda suka tsira, galibi yara da matasa, aka kwashe su zuwa Zariya. Duk zaman bai kai shekara goma ba.

Gimi ta yau garin manoma ce kamar maƙwabtanta, mazaɓa guda a cikin mazaɓun Makarfi, ga tsohuwar tashar jirgi da ake kira Gimi Dabosa. Wanda ya zo da tunanin gidan dutse mai baranda irin na tsaunukan Kenya ya yi asarar kuɗin mota. Da tubali da azara da ciyawa aka yi ginin mutanen Thompson, kuma ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe ba damina kaɗan ke mayar da shi gona. Na yi yawo a gefen fadama har rana ta karkata. Manoma suna ta sara, yara suna bin amalanke suna zarar kara. Ciwon da ya kori baƙin ya tafi, sana'ar da suka kawo ta zauna. Ta ƙara bunƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sukarin waje ya yi wuya, injinan matsa suka bazu a ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara har zuwa kudancin Kano.

Daga nan na nufi Ikara, don a ƙauyukan wannan ɓangare ne wasu daga cikin Isawa suka zauna kafin Gimi. Ƙasa ce ta kan iyaka, Kano tana nan kusa, kuma irin wannan wuri ne mai gudun sarki yake so: in an matsa masa a nan ya tsallaka can. Har yau yanki ne mai gauraye, ga Hausawa da Fulani Musulmi, ga Maguzawa waɗanda da yawansu suka shiga Kiristanci a ƙarnin da ya wuce, har cocin Angilika tana da bishop a Ikara. Suna cin kasuwa ɗaya, suna kuka da farashin taki ɗaya. Kamfanin sarrafa tumatir na garin, wanda aka yi ta buɗewa ana rufewa, shi ne abin da kowa ya fi son ya yi mini magana a kai, ba Isawa ba. Ban ga laifinsu ba.

Ancau na wuce, wadda a da take cikin Ikara, yanzu kuwa tana ƙaramar hukumar Kubau. Dalilin zuwana shi ne a nan aka yi yaƙin da Gimi ba ta samu ba. Ciwon barci bai tsaya kan Isawa ba, ya ci ƙasar Zazzau sosai a shekarun 1920 da 1930. Masu binciken cutar sun ce zaman lafiyar da ya biyo bayan yaƙe-yaƙe da harin bayi shi kansa ya taimaka mata: mutane sun fito daga garuruwa masu ganuwa sun bazu a daji, kowa ya kafa gida kusa da rafi, ga kuma 'yan ƙwadago da ke kai da kawowa a layin dogo da ma'adinan kuza. A 1937 gwamnati ta fara shirin Ancau, wanda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya jagoranta. Aka sare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka gina sabon gari kusa da tsohuwar Ancau aka sa masa suna Takalafiya. Cutar ta ja baya ƙwarai. Amma da wani Ba'amurke masanin zamantakewa, Horace Miner, ya zo bayan shekara ashirin, sai ya tarar mutane suna saran kurmin ne don hakimi ya ce a sara, ba don sun yarda ƙuda ne ke kawo ciwon ba. An yi musu aiki, ba a zauna an fahimtar da su ba. Ma'aikatan lafiya na yau da ke fama da mutane a kan rigakafi za su gane wannan labari.

A Ancau ɗin nan aka haifi Ishaya Audu a 1927. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, daga zuriyar Isawa yake. Ɗan ya zama likitan yara, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya tsaya mataimakin Azikiwe a zaɓen 1979, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a gwamnatin Shagari. Dubban 'ya'yan Musulmi da suka karɓi digiri a Samaru a waɗannan shekaru, a hannun jikan mutanen da suka gudu daga Kano suka karɓa.

Wanda ke neman iyalin Gimi, to, a Wusasa zai same su. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birnin Zazzau aka ba su fili a gindin dutsen Wusasa, bayan ganuwa. Cocin Bartholomew da aka gina a lokacin tana nan, ginin ƙasa na magina Hausawa, da bakan gizo da kauri irin na soron sarakuna, kuma a ganina tana cikin gine-gine mafi kyau a ƙasar Zazzau. Ga asibitin Luka kusa da ita. Daga wannan 'yar unguwa da makarantar Mila aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, yau kuma babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Daga nan John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A nan Yakubu Gowon ya tashi, ko da yake iyayensa Angasawa ne daga Filato. Ba dukansu ne jinin Isawa ba, amma marayun Gimi suna cikin harsashin da aka ɗora unguwar a kai.

Mila kansa bai yi aure ba, bai bar ɗa na cikinsa ba. Yaran da ya riƙa ne suka ɗauki sunansa, shi ya sa ake samun Hausawa masu suna Miller, irin su mawaƙin nan Bala Miller. Bai ma zauna a Wusasa ba. Ya koma Kano ya ƙarasa fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, ya yi ta rubuce-rubuce yana sukar mulkin Turawa da na sarakuna, ya mutu a ƙasar Jos a 1952. Mutum ne mai taurin kai da kaifin harshe, ya raina abubuwa da yawa na mutanen da ya zauna cikinsu shekara hamsin, kuma ba sai an so shi ba kafin a yarda cewa ya bar sawu.

Abin da ya dame ni a tafiyar nan shi ne yadda kowane ɓangare ya riƙe rabin labarin ya yar da rabi. A Wusasa ana ba da shi a matsayin labarin bangaskiya, ba a cika ambaton haraji da aikin tilas da suka koro mutanen ba. A Makarfi da Ikara kuwa an bar shi ya nutse, wataƙila don ana ganin tarihin wasu ne. Alhali Malam Ibrahim Bakano ne, mutanen Gimi Hausawa ne manoma, mazarƙwailar da ake saye a kowace tasha kuma ta kowa ce. Abin da aka rubuta yana cikin littafin Mila na 1936, da binciken Linden, da fayilolin lardin Zazzau a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kusan duk da Turanci, kusan duk ta bakin baƙi. Abin da ba a rubuta ba yana bakin tsofaffi a Gimi da Ikara da Ancau da Wusasa, waɗanda kakanninsu suka ga abin da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi. Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello bai fi tafiyar awa guda daga Gimi ba. Ya kamata shi da Gidan Arewa da ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kubau su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana, su zauna da dattawan ɓangarorin biyu, a rubuta abin da suka faɗa da Hausa.